Sunana a Ƙarƙashin Fuskar Wata

Mai riksha ne, wato ɗan adaidaita-sahu, ya fara gani, ba ni ba. Ranar Litinin ce, tara saura kwata, ya tsaya a ƙofar asibitin haƙorin da nake aiki a unguwar Latifabad ta birnin Hyderabad. Ina laluben canji a jaka sai ya leƙo da kai, ya kira ni yadda ake kiran 'yar uwa a nan, ya ce, "Adi, an yi muku sabon allo. Kai, wannan ba ƙaramin aiki ba ne."

Na ɗaga kai. Allon ya cinye gaban benen daga wannan kusurwa zuwa waccan, shuɗi, da likitoci biyar cikin fararen riguna, kowa ya harɗe hannu yana murmushi. Dakta Sarfaraz, mai asibitin, yana tsakiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman kaina. A ƙarshen layi ta hannun dama na ga sunana da manyan baƙaƙe, da Urdu da Turanci: Dakta Hurmat Kambrani, ƙwararriya a aikin jijiyar haƙori. A saman sunan kuwa wata mace ce fara sol, mai siririn hanci, gashinta ya zubo har kafaɗa.

Na sake farawa daga hagu. Na ƙirga, biyar. Mu biyar ne likitocin asibitin. Na karanta sunan sau uku kamar mai koyon karatu.

"Adi, ki sallame ni," in ji mai riksha. Na miƙa masa takardar da ta fara zuwa hannuna, ban ko duba ta ba.

Ni Shidi ce, ƙabilar baƙar fata ta ƙasar nan, 'yar garin Tando Bago. Baƙa ce ni kamar ubana da kakana, gashina a murɗe yake, kuma duk wanda ya gan ni sau ɗaya a wannan unguwa ba zai ɗauke ni da wata ba. A ajinmu na koyon likitancin haƙori mu saba'in da takwas ne, ni kaɗai ce Shidi, har wani tsohon malami ya taɓa ce min tun da ya fara koyarwa bai ga irina a kan kujerun nan ba. Na saba da abubuwa da yawa. Na saba majiyyaci ya shigo ya ce min, "Masi, je ki kira likita," yadda ake kiran mai shara. Na saba da barkwancin cewa in wuta ta ɗauke haƙorana kaɗai ake gani. Duk waɗannan na san inda nake ajiye su a raina. Wannan kuwa ban san inda zan sa shi ba.

Fuskar ma na gane ta. Ariba ce, 'yar ƙanwar matar Dakta Sarfaraz, wadda ke koyon zanen tufafi a Karachi. Ranar da mai hoto ya zo, mako uku da suka wuce, ta biyo shi tana ta zuba surutu. Da aka gama ɗaukata ta ce, "Adi Hurmat, ara min rigarki in ga ko zan yi kama da likita." Na cire na ba ta, muka yi dariya. Ga rigar can a sama, har da ɗigon tawadar da biro ya yi min a bakin aljihu, ya zama kamar faɗin faranti.

Na shiga. Nighat, mai karɓar majiyyata a tebur ɗin gaba, wadda muka shekara uku muna cin abincin rana tare, ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ban tsaya ba. Na wuce ofishin Dakta Sarfaraz na tura ƙofa ban ƙwanƙwasa ba.

Yana shan shayi da biskit. "Hurmat! Shigo, zauna. Kin ga allon?"

"Na gani, Sain," na ce, wato ranka ya daɗe. "Wace ce a saman sunana?"

Ya ajiye kofin. "Wannan? Masu bugawa ne, kin san halinsu. Sun ce hotonki ya yi duhu a kan shuɗin, ba a ganin fuskar daga titi."

"Sai a sauya shuɗin."

"An riga an buga."

"Kafin a buga, wa ya ba su hoton Ariba? Wa ya ce su rubuta sunana a ƙasa?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Da ya sake magana, da muryar nan ya yi wadda yake lallashin yara masu tsoron allura.

"Saurara, 'yata. Ni ba ni da wannan ƙazamin tunani, ke shaida ce. Asibiti uku suka mayar da ke kafin ki zo nan, ni na duba takardunki na ce gobe ki fara. Duk Hyderabad babu mai hannunki a aikin jijiya. Ni kaina in nawa ya lalace, ke zan buɗe wa baki. Sunanki yana kawo mutane. Amma allo ba don ni aka yi shi ba, don mai wucewa a mota aka yi, shi kuma kin san abin da ke kansa. Ba ni na halicci mutanen garin nan ba."

"Ariba ba likita ba ce."

"Hoto ne kawai. Wa zai tsaya bincike?"

"Ni ce zan riƙa shigowa ta ƙarƙashinsa kullum."

"Wata shida ne, sai a sauya. Sha shayi." Ya turo min kofi. "Kina da uwargidan nan, Begum Tasnim, ƙarfe goma sha biyu. Kar ki ɓata ranki hannu ya yi rawa."

Na tsaya ina kallonsa. Babu kunya ko kaɗan a fuskarsa. Da gaske yake ganin ya yi min bayani, magana ta ƙare.

Na duba mutum biyu, ban san yadda na yi ba. Wajen ƙarfe goma wayata ta yi ƙara. Baba ne. Sunansa Khamiso, amma daga Badin har Hyderabad Khamiso Direba aka san shi, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas a wannan hanya kafin gwiwa ta sauke shi. A waya ihu yake yi, kamar har yanzu inji na ƙara a ƙarƙashinsa.

"Hurmat! Mun wuce Matli!"

"Ina za ku, Baba?"

"Ji 'yar nan, wai ina za mu! Lal Bakhsh direba ya bi ta gabanku jiya da mota, ya ce ya hango sunanmu Kambrani a sama, kowane baƙi ya kai tsayin mutum. Bai samu tsayawa ba, fasinja na masa tsiya. Mu tara ne, har da gwaggonki, Puphi Basran, da ƙafarta mai ciwo. Mun sayo mayafin ajrak za mu yafa wa maigidanki."

Na ce, "Baba, ku koma."

"Me kika ce?"

"Ku koma gida. Ranar Juma'a zan zo in yi maka bayani."

"Ba na jin ki, hanya ce! Ki sa a dafa shayi!" Ya kashe. Na kira sau uku bai ɗauka ba.

Sha ɗaya da rabi suka iso a wata ƙaramar motar haya. Na fito na tarye su a titi da farar rigata, ko zan iya juya su kafin su ɗaga kai. Ina! Tun kafin motar ta gama tsayawa wuyan kowa yana sama. Kayan sallah suka saka. Baba ya sa farar riga da wando da hularsa mai ƙananan madubai, yana rungume da ajrak ɗin a leda, wannan mayafin da muke yafa wa wanda muka girmama. Ya ja da baya har tsakiyar titi don ya gani da kyau, masu babur suna kauce masa suna zagi. Ya ɗaga yatsa yana bin sunayen, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe yatsan ya tsaya a sama. Bai sauke shi ba.

Puphi Basran, yayar Baba, ta fito da ƙyar tana dogara sanda. "Ina take? Ku nuna min, idona ba ya kaiwa." Wani cikin 'yan uwana ya nuna mata. Ta kare rana da hannu, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo. Sai ta saki sandar ta tafa hannu.

"Masha Allah! Kai, mutanen birni sun iya aiki! Dubi yadda suka wanke ta! Hurmat, ashe haka kike da kyau? Ku dubi hanci!"

"Puphi, ba ni ba ce."

"Ke ce mana, ba ga sunanki ba? Na'ura ce, na sani. Haka aka yi wa 'yar Murad a hoton aurenta, har uwarta ba ta gane ta ba. Ku ɗauke ni a ƙarƙashi. A tura wa mutanen Badin ɗin nan da suka ce kin yi wa ɗansu baƙi da yawa, su gani baƙin ciki ya kashe su."

Biyu daga cikin 'yan uwana sun riga sun fito da waya. Ɗaya ya durƙusa yana neman yadda allon zai shiga duka, ya yi min alama da hannu. "Adi, ɗan matsa, kin tare."

Kuma na matsa. Wallahi na matsa, ƙafafuna ne suka yi da kansu. Maganar Dakta Sarfaraz haushi ta ba ni, wannan kuwa sai na ji kamar an zare min wani abu a baya. Matar da ta yi min kitso tun ina shekara huɗu, wadda ta yi guɗa ranar da na ci jarrabawa har muryarta ta dushe, ga ta nan tana gyara mayafi tana murmushi a ƙarƙashin fuskar Ariba.

"Ku mayar da wayoyin nan aljihu," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, abin da ban saba ji ba. Suka mayar. Ya juyo gare ni.

"Wace ce?"

"'Yar uwar matar mai asibitin."

"Likita ce?"

"A'a."

"Da saninki aka sa?"

"Yau na gani, Baba, kamar yadda ka gani."

Ya miƙa wa Puphi ledar ajrak. "Riƙe." Ya hau matakala ya tura ƙofar gilashi. Na bi shi da sauri.

Ɗakin jira a cike yake, mutum ya kai goma sha biyu, ga sanyin na'ura, ga kifaye na yawo a akwatin gilashi. Begum Tasnim tana kujerar gaba da jakarta a cinya. Mijinta yana da masana'antar awarwaro, kuma wannan ne zuwanta na uku a kan wani turmin haƙori na sama da nake ƙoƙarin ceto mata. Baba ya je gaban Nighat ya dafe kumatu.

"'Yata, haƙori ke damuna. Likitar nan ta kan allo nake so, ta ƙarshe, Dakta Hurmat."

Nighat ta dube ni, ta dube shi, ta kira shi yadda ake kiran dattijo a nan, kamar a ce baffa. "Chacha, ai ga ta nan a bay..."

"A'a, a'a. Wannan na san ta, ni na haife ta, tun tana tsumma nake ganinta. Waccan nake so, farar. An rubuta Kambrani, kin ga ita ma 'yata ce, amma ban taɓa sa ta a ido ba. Kira min ita mu gaisa, in tambaye ta wace ce uwarta, don in na koma gida matata za ta tambaye ni."

Wani ya fashe da dariya, ya haɗiye ta. Dakta Sarfaraz ya fito da sauri yana murmushi, hannu a ƙirji. "Chacha, barka da zuwa. Bismillah, mu shiga ofis."

"Nan ma ya yi, Sain, akwai sanyi. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi, ban taɓa ɗaura lambar motata a jikin motar wani ba. Wanda ya yi haka, a tasha mun san sunan da muke kiransa."

A nan ne Begum Tasnim ta sa baki. Ta yi magana a hankali, irin ta mai son raba faɗa.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, asibiti ne nan. Dakta Hurmat ba ta cika zama ba. Daga Karachi take duba hotunan haƙora ta tsara yadda za a yi. Wannan yarinyar ce ke aiwatarwa, kuma tsakani da Allah tana da hannu, ni ma ita ke yi min." Ta yi min murmushi.

Na ce, "Begum, me kika ce?"

"Ke fa nake karewa. Na ce kin iya aiki."

"Wa ya ce miki Dakta Hurmat tana Karachi?"

Ta nuna Nighat da haɓa. "Tun zuwana na farko. Da na leƙa na gan ki, na dawo na ce ni wurin likita na zo. Sai ta yi min bayani."

Wani dattijo da ke zaune kusa da kifayen ya gyara murya. Na san shi, ni na gyara masa haƙoran gaba biyu. "Ni ma haka aka ce min bara," in ji shi.

Bara. Allon kuwa shekaranjiya aka ɗaura shi.

Na juya wurin Nighat. Hawaye sun riga sun zubo mata.

"Tun yaushe?"

"Adi, don Allah..."

"Tun yaushe, Nighat?"

"Tun watanki na biyu. Ba kowa ba ne, wallahi ba kowa ba ne, sai wanda ya yi gardama. Sain ya ce in na ga mutum zai tafi, in faɗa masa haka."

"Mutum nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"A mako fa?"

Ta share hanci da gefen mayafi. "Biyu. Wani makon uku."

Na dafa tebur. Abubuwa suka riƙa faɗo min ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zauna daidai wurinsa. Sauran likitoci huɗu kowa da sunansa a ɗinke a ƙirji, ni kuwa kullum telan ne bai gama ba, har na daina tambaya. Ma'aikata suna ce wa kowa Dakta, ni Adi, na ɗauka ƙauna ce, har ina alfahari cewa ni ce ba sa jin tsoro. Nighat ce ke rako min sabon majiyyaci da kanta har kujera, ta ce ta riga ta gabatar da ni. Kwalayen alewar da ake bari a tebur, wai a ba Dakta Hurmat, tare muke buɗewa mu ci. Mutumin da ya bar alewar kuma shi ne zai damƙa min 'yar takardar rupi a hannu a ɓoye yana fita, in ƙi karɓa, in ce a raina mutanen nan akwai kirki. Shekara uku ina yi wa wata mata aiki, matar da babu ita a duniya, kuma sunana take amsawa.

"Kowa ya samu aiki mai kyau," in ji Dakta Sarfaraz, yana magana da ɗakin gaba ɗaya. "Ba wanda ya dawo da ƙorafi. Da sun tafi, da wani wurin za su je a ɓata musu baki. Ku gaya min, wa aka cuta?"

Begum Tasnim ni take kallo. Hannunta ya tafi kumatunta, daidai inda na yi aiki.

"Ke ce likitar?"

"Ni ce."

"Babu wata a Karachi?"

"Babu."

Ta miƙe ta rataya jaka. Na sha gabanta. "Begum, haƙorinki ban gama ba. Cikon wucin gadi ne a kai, yau ya kamata in rufe shi. Ki zauna, ko don haƙorin."

"An yaudare ni," ta ce. Ba Dakta Sarfaraz ta kalla ba, ba Nighat ba. Ni ta kalla. Ta kewaye ni ta fita.

Ina tsaye ina kallon ƙofar tana rufuwa, Baba ya taɓa min kafaɗa. "To, yanzu sai a duba min haƙorin."

"Baba, ya isa haka."

"Da gaske nake. Wata huɗu ke nan da ɓangare ɗaya nake tauna."

Na kai shi ɗakina. Zan rufe ƙofa ya ce in bar ta a buɗe. Ya cire hula ya ɗora a ciki, ya kwanta, ya buɗe baki. Turmin ƙasa na hagu ya ruɓe har ya kai dasashi, ramin da ke ciki ƙwayar wake za ta shige.

"Baba! 'Yarka likitar haƙori, ka bar wannan wata huɗu? Me ya hana ka faɗa min?"

Ya kalli silin. "Allura."

"Me?"

"Ba na son allura, kin ji. Kar ki gaya wa Puphinki." Sai ya ɗaga murya yadda duk ɗakin jira za su ji. "Dakta Hurmat, a yi min a hankali!"

Na sa safar hannu, na ɗauko allurar kashe zafi. Sai na ga bakinta yana rawa. Tun da na fara aiki hannuna bai taɓa rawa a kan majiyyaci ba, ko ranar jarrabawa. Na ajiye ta a faranti, na dafa gwiwoyina, na yi ta jan numfashi. Baba ya rufe ido ya bar bakinsa a buɗe yana jira, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin. Na ɗauki kusan minti biyar kafin na sake ɗaga allurar. Haƙorin bai cetu ba, cire shi na yi, ya fito gida biyu.

Ina cusa masa auduga Puphi Basran ta shigo da sandarta, ta zauna a kujerar gefe da ledar ajrak a cinya. An riga an ba ta labari a waje. Ta yi ta kallon fitila da ƙarafan da ke kan faranti, da ni.

"Ni fa na ɗauka abin murna ne," ta ce.

"Na sani, Puphi."

"Ban taɓa ganin namu a allo ba. Ban san yadda ake sa mu ba. Na ce ƙila haka ake yi wa kowa."

Baba ya yi wani gurnani ta cikin auduga, ta ce masa, "Kai kuma yi shiru, ka ishi mutane." Ba su sha shayin ba. Bayan azahar suka kama hanya, ajrak ɗin ya koma Tando Bago a cikin ledarsa.

Washegari na rubuta wa hukumar da ke ba likitoci lasisi. Cikin abokan aikina uku, ban da mai asibitin, ɗaya ce ta yarda ta sa hannu a matsayin shaida. Sauran biyun suka ce su ba su lura da komai ba, ɗayansu ma ya ce in yi tunani, garin ƙarami ne. Bayan kwana goma sha ɗaya aka sauke allon. Takardar hukumar ba ta ambaci launin kowa ba, abin da ta ce kawai ba a nuna wanda ba likita ba cikin rigar likita. Sabon allon da aka ɗaura sunaye ne zalla, da hoton wani ƙaton haƙori yana dariya.

Na ba Dakta Sarfaraz wa'adin wata ɗaya, don akwai bakunan da na buɗe ban rufe ba. Ya ce na ba shi mamaki, bai zaci butulci daga gare ni ba. A wannan watan duk wanda ya zauna a kujerata, kafin in sa takunkumi sai in tsaya a gabansa in ce, "Ni ce Dakta Hurmat Kambrani, ni zan yi maka aiki." Yawanci sukan ce sun sani. Wasu su kalli ƙasa. Dattijon nan mai haƙoran gaba ya dawo musamman ya ba ni haƙuri, alhali ba shi ya yi ƙaryar ba. Wani ɗan kasuwa ya ce in nuna masa takardar shaidata, na ɗauko na nuna masa, ya karanta har hatimin ƙasa sannan ya buɗe baki. Nighat takan ajiye min abinci a tebur kullum, ni kuma in mayar mata da kwanon yadda yake. A rana ta ƙarshe na ci, don na san tana da 'ya'ya uku kuma ba ita ta ƙirƙiro maganar ba, amma ba mu yi hira ba.

Yanzu a wani asibitin gwamnati nake a Badin, kujera ɗaya, layi har waje. A can ma akan samu mai ce min in kira likita, sai dai yanzu ni ke ba shi amsa da bakina.

Begum Tasnim kuwa sau huɗu na kira ta a cikin watan nan, don cikon wucin gadi ba ya wuce 'yan makonni. Uku ba a ɗauka ba. A na huɗu surukarta ce ta ɗauka. Ta ce Begum tana Karachi, fuskar ta kumbura har ido ya rufe, an kwantar da ita kwana biyu, an cire haƙorin. Na tambaya ko likitan can ya ga hoton da na ɗauka, ta ce ba ta sani ba, kuma Begum ta ce kar in sake kira.

Na san haƙorin nan ciki da waje. Jijiya uku gare shi, ɗaya a lanƙwashe, na yi zama biyu ina bin ta har na kai ƙarshenta, na wanke ta tas. Aikin minti arba'in ya rage.